BABI NA HUƊU: GUDUMMAWAR IYAYE GA KARATU DA TARBIYYA DA TSARON YARAN FIRAMARE A ƘANƘARA DA FASKARI DA SABUWA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan irin gudummawar da iyaye za su iya bayarwa ga 'ya'yansu 'yan makarantar firamare a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina. Za a dubi al'amarin ta fuskoki uku, wato karatu da tarbiyya da tsaro. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, waɗannan abubuwa uku tushensu ɗaya ne, wato sa ido da sauraron da iyaye suke yi wa yaro a kullum. Haka kuma za a nuna cewa rashin ilimin boko ko rashin abin hannu ba ya hana iyaye sauke wannan nauyi. Idan an ce iyaye a nan, ana nufin uba da uwa da duk wanda yaro yake hannunsa, kamar kaka ko baffa ko gwaggo ko mariƙi. Yaran firamare kuwa su ne 'yan shekara 6 zuwa 12, daga aji ɗaya zuwa aji shida.

4.1 Yanayin Yankin

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudancin Jihar Katsina ne, a shiyyar Funtuwa. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara ta wajen Tsafe, Sabuwa kuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Mafi yawan mazauna yankin manoma ne da makiyaya. Ana noman masara da dawa da auduga da waken soya, an kuma san Ƙanƙara da farar ƙasa. Ke nan rayuwar yaro a yankin tana tafiya ne tare da damina da kaka da ranar kasuwa, kuma kowane daga cikinsu yana iya raba shi da aji.

A kan wannan sai matsalar 'yan bindiga ta ƙaru. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su ranar 17 ga watan, inda gwamnatin jiha ta ce adadinsu 344 ne. Bayan wannan, Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. A shekarar 2021 kuma aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan a watan Satumba na shekarar aka katse layukan wayar salula na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Kafin duk wannan, annobar korona ta sa an rufe makarantu tun daga watan Maris na 2020. Mutanen ƙauyuka da dama sun yi ƙaura zuwa manyan garuruwa, har ma a wasu lokuta azuzuwan firamare ne suka zama masaukin 'yan gudun hijira.

Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da aka rufe makaranta ko malami ya kasa zuwa, gida ne kaɗai makarantar da ta rage wa yaro. Wannan ne ya sa nauyin iyaye a wannan yanki ya fi na iyayen da ke zaune a wuraren da ake zaman lafiya.

4.2 Matsayin Iyaye a Doka da Al'ada

An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya a 1976. A 1999 kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, wanda aka kafa masa doka a 2004. Dokar ta tanadi karatun shekara tara kyauta kuma dole, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya shiga firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala. Wanda ya ƙi, a karon farko gargaɗi ne, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyu.

Sai dai tun kafin a zo ga doka, al'adar Bahaushe da addininsa sun riga sun ɗauki yaro a matsayin amana a hannun iyayensa. Uba ne yake kai ɗansa makarantar allo, shi ne yake biyan kuɗin Laraba, shi ne kuma yake yin sadaka idan yaro ya kai wata sura ko ya sauke. Saboda haka bibiyar karatun ɗa ba baƙon abu ba ne ga mutanen yankin. Abin da ake bukata kawai shi ne a kai wannan tsohuwar ɗabi'a ga makarantar boko, wadda iyaye da yawa suke ɗauka ta gwamnati ce, ba ruwansu da abin da ke gudana a cikinta.

4.3 Iyaye da Karatun Yara

4.3.1 Magana da yaro

Karatu yana ginuwa ne a kan magana. Yaron da kunnensa ya saba da kalmomi masu yawa ya fi saurin gane abin da ya karanta, domin idan ya haɗa baƙaƙe sai ya tarar da kalmar da ya riga ya sani. A nan ne adabin baka yake da muhimmanci. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kaka take yi da dare tana koya wa yaro bin labari daga farko zuwa ƙarshe. Kacici-kacici yana koya masa tunani, karin magana kuma yana nuna masa cewa zance yana da ciki da waje. Idan aka gama tatsuniya aka ce yaro ya maimaita ta da bakinsa, ko aka tambaye shi dalilin da ya sa Gizo ya yi abin da ya yi, to an yi masa darasin auna fahimta ke nan ba tare da alli ko allo ba.

4.3.2 Sauraron karatu

Iyaye da yawa suna ganin tun da ba su yi boko ba, babu abin da za su iya taimakawa da shi. Tsarin rubutun Hausa ya nuna akasin haka. Rubutun boko yana da wasula biyar, wato a, e, i, o, u, kuma ana haɗa su da baƙaƙe a sami gaɓoɓi kamar ba, be, bi, bo, bu. Amma a rubutun yau da kullum ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti. Saboda haka kalmar “gari” tana iya nufin wurin zama ko abin tuwo, “kuka” tana iya nufin itace ko zubar da hawaye, “fara” kuma tana iya zama ƙwaro ko launi ko somawa. Yaro mai koyo yakan karanta irin waɗannan kalmomi a karkace. Uwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, da zarar ta ji za ta gane an yi kuskure, domin harshenta ne. Ke nan kunnen iyaye kayan aiki ne da malami shi kaɗai ba zai wadatar ba, musamman a ajin da yara suka yi yawa.

Bugu da ƙari, mafi yawan iyayen yankin sun yi karatun allo. Sun san babbaƙu da farfaru, sun san biyawa da tilawa da bita. Wannan hanya ta soma da baƙi, a sa masa wasali, a haɗa kalma, a yi ta maimaitawa, ita ce dai ake bi wajen koyon karatun boko. Shirin RANA, wanda aka soma a jihohin Katsina da Zamfara a 2015 a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, ya karkata ne ga koyar da karatu da lissafi cikin Hausa a azuzuwan farko na firamare, ya kuma jawo iyaye da al'umma cikin aikin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi a soma koyar da yaro da harshensa. Manufofin gwamnati game da harshen koyarwa sun sha canzawa tun daga lokacin, amma harshen gida yana nan a hannun iyaye.

4.3.3 Lokaci da kayan karatu

Ana iya taƙaita abin da iyaye za su yi a kullum kamar haka:

i. Ware ɗan lokaci tsayayye, ko da minti 15 zuwa 20 ne, kamar bayan la'asar ko tsakanin magariba da lisha, a ce yaro ya karanta a bayyane.

ii. Buɗe littafin rubutun yaro a ga ko akwai sabon aiki da jan biron malami. Shafin da ya yi kwanaki babu komai a cikinsa yana nuna ko dai yaro yana fashi, ko kuwa malami ba ya zuwa.

iii. Samar da haske, ko tocila ko fitila mai aiki da hasken rana, da fensir da littafin rubutu.

iv. Sa yaro ya karanta abin da ke kewaye da shi, kamar rubutun buhun taki da na kwalin magani da allon sanarwa da saƙon waya.

v. Sa wa ko ya su riƙa yi wa ƙannensu bita.

Dangane da littattafai kuwa, jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu sun daɗe suna amfanar masu koyo. Ga waɗanda hannunsu ya faɗa, akwai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Littafi ɗaya yana iya zagaya gidaje biyar a unguwa idan aka yi ta aro.

4.3.4 Talla da aikin gona

Babban abin da ke cinye karatun yaran karkara shi ne fashi. Da damina ana janye yara maza zuwa noma da kiwo, da kaka kuma zuwa girbi da tsinkar auduga. Yara mata kuwa talla ce take ɗauke su, musamman ranar kasuwa. Ba za a ce manomi ya daina neman taimakon 'ya'yansa ba, domin da wannan aiki ne gida yake ci. Sai dai ana iya tsara shi ya koma bayan an tashi daga makaranta da ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Yaron aji biyu da ya yi fashin mako uku yakan dawo ya tarar an wuce shi, daga nan sai kunya ta kama shi, daga kunya sai ƙin zuwa gaba ɗaya.

4.4 Iyaye da Tarbiyya

Bahaushe yana da ma'aunin da yake gane mutumin kirki da shi. A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa a 1974 mai suna Mutumin Kirki, ya kawo halaye goma, daga cikinsu akwai gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Waɗannan halaye a gida ake shuka su, makaranta sai dai ta yi ban ruwa. Shi ya sa ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanya ta farko ita ce koyi. Yaro ya fi ɗaukar abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. Uban da yake aika ɗansa ya ce wa mai bin bashi ba ya nan alhali yana ɗaki, ya riga ya koya masa ƙarya, ko da kuwa zai yi masa wa'azin gaskiya daga baya. Haka nan gidan da ake zagin malamai a gaban yara ba zai fitar da yaron da zai girmama malami ba.

Hanya ta biyu ita ce tsayayyun ƙa'idoji. Gaisuwar safe, salla a kan lokaci, sallama kafin shiga, neman izini kafin fita, da dawowa gida kafin magariba, duk ƙananan abubuwa ne, amma su ne suke saba wa yaro da tsari. Ya kamata bakin uba da na uwa ya zama ɗaya a kansu. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma, wajibi ne uba ya daidaita tsakanin 'ya'yan ɗakuna, domin fifiko yana haifar da ƙiyayya da taurin kai.

Hanya ta uku ita ce horo cikin hankali. Duka mai tsanani yakan sa yaro ya daina laifi a gaban iyaye, ya koma yi a ɓoye. Illar wannan ta fi girma a yankin da babu tsaro, saboda yaron da yake tsoron duka ba zai faɗa wa iyayensa cewa wani baƙo ya tare shi a hanya ko ya ba shi kuɗi ba. Nasiha da yabo idan ya yi daidai da hana shi wani abin da yake so idan ya yi kuskure sun fi barin ƙofar magana a buɗe.

Hanya ta huɗu ita ce sanin abokan yaro da wuraren da yake zuwa, kamar gidan kallo da tasha da majalisar samari, da kuma abin da yake kallo a wayar manya. Idan yaro ya shigo da kuɗi ko wani kaya da ba a san asalinsa ba, dole a bincika. Masu shaye-shaye da masu kai wa ɓarayin daji rahoto sukan nemi yaran da babu mai tambayarsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4.5 Iyaye da Tsaron Yara

Da farko ya kamata a fahimci cewa hatsarin bai tsaya ga makarantun kwana ba. Kwana biyu bayan sakin ɗaliban Ƙanƙara, wato ranar 19 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume, maƙwabciyar Faskari da Sabuwa, suna dawowa daga Mauludi da dare. An yi sa'a jami'an tsaro da 'yan sa-kai suka kuɓutar da su. A wajen jihar kuma, an kwashe ƙananan yara daga wata Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja ranar 30 ga Mayu 2021, sannan ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan firamare da 'yan sakandare a Kuriga ta Jihar Kaduna da safe. Waɗannan misalai sun nuna cewa hanya da lokaci da wurin taruwar yara duk abubuwan lura ne.

Matakan da ke hannun iyaye sun haɗa da:

i. Yara su riƙa tafiya makaranta a ayari, su dawo a ayari, ta hanya ɗaya da aka sani, ban da yanke ta cikin gonaki, musamman lokacin da dawa da masara suka yi tsawo.

ii. Iyayen unguwa su riƙa karɓa-karɓa wajen rakiya, tare da sanin mai unguwa.

iii. A guji tafiyar dare da yara zuwa taro ko biki a wani gari.

iv. Yaro ya haddace cikakken sunansa da na mahaifinsa da sunan garinsu da lambar waya ɗaya.

v. A koya masa kada ya bi baƙo, kada ya hau babur ɗin wanda bai sani ba, kada kuma ya ba da labarin dukiyar gidansu ko tafiye-tafiyen mahaifinsa.

vi. A yi shawara da hedimasta tun da wuri a kan inda yara za su nufa da wanda zai karɓe su idan an ji wani motsi, kuma a tanadi hanyar isar da saƙo wadda ba ta dogara ga waya kaɗai ba, ganin abin da ya faru a 2021.

Ban da 'yan bindiga, akwai haɗurran yau da kullum da suka fi yawan aukuwa, kamar tsallaka rafi da damina, da wanka a kududdufi, da rijiyar da ba ta da murfi, da tsallaka titi a garuruwan da ke bakin hanya, da maganin feshi da ake ajiyewa a ɗaki. Haka kuma yaron da ya ga hari ko ya yi gudun hijira yakan riƙa firgita cikin barci, ko ya yi shiru fiye da ƙima, ko ya koma fitsarin kwance. Irin wannan yaro lallashi yake bukata da a saurare shi, tare da sanar da malaminsa halin da yake ciki.

Wasu iyaye sukan cire 'ya'yansu daga makaranta gaba ɗaya saboda tsoro. Wannan tsoro yana da dalili, kuma idan hukuma ko dattawan gari suka ga hatsari a fili, zaman gida shi ne daidai. Sai dai cirewa ta dindindin ba ta kawo tsaro. Yaron da aka raba da aji yakan koma kiwo ko itace a bakin daji, yarinya kuma ta koma talla, wuraren da babu mai sa musu ido. Abin da ya fi shi ne a nemi canjin makaranta zuwa inda iyali suka koma, a kuma ci gaba da karatun gida kafin a samu.

4.6 Haɗin Gwiwa da Iyakar Ƙarfin Iyaye

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, su ne kafofin da iyaye za su bi su kai kukansu ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha. Ta nan ne za a iya neman katanga da ƙofa da mai gadi da ƙarin malamai. Yana da kyau a ba mata dama a waɗannan kwamitoci, domin su ne suke wuni da yara.

Duk da haka, dole a faɗi cewa ƙarfin iyaye yana da iyaka. Tunkarar mai bindiga aikin hukuma ne. Bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 aka fito da shirin kare makarantu, kuma a 2019 Nijeriya ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015. A Jihar Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. Haƙƙin iyaye ne su riƙa tuntuɓar wakilansu a kan yadda waɗannan tanade-tanade za su iso makarantar ƙauyensu.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin yanayin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da matsayin iyaye a doka da al'ada, sannan aka dubi gudummawarsu ga karatu da tarbiyya da tsaro. An ga cewa zaman minti 20 da ake yi da yaro domin sauraron karatunsa shi ne lokacin da ake gane ko ya je makaranta, da wa ya yi abota, da kuma abin da ya gani a hanya. Uban da ya saba tambayar ɗansa abin da aka koya masa yau, shi ne zai fara sanin ranar da wani abu ya canza. Babi na gaba zai dubi gudummawar malamai da shugabannin gargajiya a kan wannan al'amari.